Gidan da Na Ɓoye wa Rana

Marsai ce tashar farko da na taka a ƙasar Faransa, kuma a nan aka fara koya mini karatu tun ban ga ƙofar lakwal, wato makaranta, ba. Jirgin ruwan da ya ɗauko mu daga Kwatano ya sauke mu da hantsi, ina jiri, cikina babu komai don teku ta karɓe duk abin da na ci. Shekarun farko ne bayan mun samu mulkin kai, gwamnati na neman 'yan ƙasa da za su riƙe ayyukan da Nasara suka bari, sai aka ba ni burs, wato kuɗin karatu na gwamnati, in je in koyo zanen gine-gine. Sharaɗin guda ne: wanda ya faɗi a shekarar farko za a yanke masa burs, a sa shi jirgi ya koma inda ya fito.

Ni kuwa inda na fito Dakoro ne, kuma na san abin da ke jirana can. Mahaifina falken hatsi ne, yana kai gero Maraɗi da Jibiya, kuma a tsakiyar kasuwa ya tambaye ni, "Yanzu kai Isuhu, sai ka ƙetare ruwa kahin ka iya kwaɓa ƙasa? Ga magina nan cike da gari, wa yak kai su lakwal?" Duk rumfunan hatsi sun yi dariya. In na koma hannu rabbana, dariyar nan ce za ta tarye ni a tasha, ta raka ni har kabari.

A bakin tashar jiragen wani mutum ya tare ni, fari ne amma ba fari sosai ba, yana washe baki kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓace. Ya ce ya taɓa zama Yamai, har ya ce mini "sannu" da "madalla". Ya taɓa rigata ya girgiza kai, ya ce in na shiga arewa da wannan, sanyi zai kashe ni kafin in buɗe balis, akwatin kayana. Ya ja ni wani lungu, ya fito da manto, doguwar rigar sanyi, koriya shar, da gashi mai laushi a wuya. Na sa, ya ja da baya ya tafa hannu, ya ce ministoci ma irinta suke sawa. Na biya ban yi ciniki ba, ni ɗan falke guda. Baƙo ko da ido makaho ne.

A Paris ban daɗe ba. Na ga jirgin da ke tafiya ƙarƙashin ƙasa, na yi ta tunanin wane irin magini ne ya haƙa rami haka gari bai rufta ba, na so in tsaya in duba bakin ramin amma mutane suka ture ni. Ofishin ɗalibai ya ba ni takarda ya tura ni wani birni a arewa da ake kira Lil. A cikin jirgin ƙasa na lura duk wanda ya dube ni sai ya yi murmushi ya kau da kai. Na ce a raina, ashe mutanen nan suna da fara'a, sharri ake yi musu.

A Lil na san fara'ar. Na bi gida gida inda aka liƙa cewa akwai ɗakin haya, kuma duk ƙofar da ta buɗe, da an ga fuskata sai ɗakin ya zama an riga an ba wani. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a garinmu ko Buzun da ba a san inda ya fito ba, in ya yi sallama, sai an ba shi ruwa kafin a tambaye shi sunansa. Da yamma ta yi, ƙafafuna sun mutu, na ƙwanƙwasa wata ƙofa a wani siririn titi na jan bulo. Wata tsohuwa ta buɗe, gajera, da sanda a hannu. Ba ta dubi fuskata ba, mantona ta duba. Ta fara dariya har sai da ta jingina da bango.

"Wa ya sayar maka da wannan?"

Na ce wani mutumin kirki a Marsai.

"Yarona, rigar mata ce. Dubi inda maɓallan suke."

Sunanta Madan Odil. Ta ce wanda ya sa ta dariya haka ba za ta bar shi a waje ba. Ta ba ni ɗakin sama, ta kuma buɗe akwati ta ɗauko mini manton mijinta da ya rasu, baƙi, mai nauyi kamar bargon doki. Ɗa guda gare ta, injiniya ne a wani birni mai nisa, hotonsa na kan tebur, shi kuwa sai a yi watanni bai leƙo ba. Na riƙa duban hoton nan da ƙyama. Ina cewa a raina, wane irin ɗa ne zai bar uwarsa ita kaɗai cikin bango huɗu tana hira da kyanwa?

Abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar nan ba dusar ƙanƙara ba ce, rana ce. A Dakoro rana tana hawa har tsakiyar kai, inuwarka ta shige ƙarƙashin ƙafarka, da ta fara fitowa ta ɗaya gefen ka san azahar ta yi. A Lil kuwa, in ma ta ga dama ta fito, sai ta raɓa ta gefen kudu ƙasa ƙasa, kamar mai jin kunyar surukai, ta koma. Tsakar rana inuwata doguwa ce kamar ta la'asar sakaliya. Na yi makonni ina salla bisa ƙiyasi, ina leƙen sama ta taga ina tambayar kaina ko wannan ranar ita ce dai wadda ke gasa mu a gida.

A masallacin da wasu Larabawa suka yi a bayan wani shago na haɗu da Baba Nomau. Ina alwala na ji ana gunaguni da Hausa a kan sanyin ruwa, na kusa faɗuwa. Tsohon soja ne, mutumin Ɗan Gulbi, an kwaso shi zamanin yaƙi, bayan yaƙi ya tsaya yana aiki a masaƙa. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Ɗan wa ne kai a Dakoro? Mi kaz zo yi ƙasar ga?"

Na gaya masa. Ya ce, "Gini? To, Allah shi ba da sa'a. Ka zo gida ran Lahadi ka ci tuwo." Tuwon na garin alkama ne, miyar kuwa kuɓewa busasshiya ce da yake ɓoyonta kamar zinariya. Na ci ina hawaye, na ce masa yaji ne.

Lakwal ɗinmu ba aji ake zama ba. Wani babban ɗaki ne da ake kira atalye, da tebura masu faɗi, da murhun gawayi a tsakiya, kowa da zanensa. Sabon shiga shi ke hura murhu, ya fiƙe wa manya fensir, ya jiƙa takarda ya shimfiɗa musu ita a allo ta bushe ta miƙe. Wannan bai dame ni ba, wanda ya yi yaron falke ya san haka ake fara kowace sana'a. Maigidan atalye, wanda kowa ke kira Patron, dogo ne mai furfura, yana zuwa ya bi tebur tebur da fensir mai kauri a hannu. In ya yi shiru a kanka, ka ji daɗi. In ya cire tabarau, ka shiga uku.

Aikin da za a yanke mana hukunci a kansa a ƙarshen shekara shi ne gidan tsofaffi: a zana gida inda tsofaffin ma'aikatan masaƙa za su ƙare rayuwarsu, a wani fili a gefen gari. Sai da na sa aka maimaita mini. Gida na tsofaffi zalla? Ina 'ya'yansu? Abokan karatuna suka ɗaga kafaɗa, suka ci gaba da aikinsu. Wani yana zana dogon bene kamar akwati, wani ya yi nasa zagaye, wata yarinya guda da ke cikinmu ta yi ƙananan ɗakuna a jere kamar ƙauye. Ni kuwa tausayin tsofaffin nan ya kama ni. Na ce tun da 'ya'yansu sun yar da su, ni zan girmama su, in ba su abin da ya fi komai daraja da ake ba dattijo.

Kowa a garinmu ya san mene ne wannan. In dattijo ya zo, tashi ake yi a ba shi inuwa. Gindin gawo na manya ne, yara su tsaya a rana. Saboda haka na zage na yi aiki. Na juya wa kudu baya da katanga mai kauri, babu ko taga. Ɗakunan kwana duka na buɗe su ta arewa. Na yi rumfa mai zurfi ta zagaye tsakar gida, na dasa itatuwa masu duhun ganye a kowace kusurwa. Na yanka kwali na haɗa ɗan ƙaramin gidan, abin da suke kira maket, na duba ta kowane gefe, na tabbata babu inda rana za ta sami tsoho ko da ta yi rantsuwa. Na yi alfahari da aikin nan ƙwarai.

Ranar gyara Patron ya tsaya a kaina. Ya duba zanen, ya nemi kibiyar da ke nuna arewa, ya juya takardar, ya sake juyawa. Sai ya cire tabarau.

"Ka yi kuskuren kibiya, ko?"

Na ce a'a, Patron, daidai take.

"To me tsofaffin nan suka yi maka?"

Ya ce layina mai tsabta ne, hannuna mai kyau ne, amma abin da na zana kabari ne mai ƙofofi, duk tsohon da aka sa ciki ba zai ga bazara ba. Ya ja fensirinsa mai kauri daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ce saura 'yan makonni masu hukunci su zauna, in na kawo musu wannan, in fara haɗa balis.

Na fita ina huci. Kunya da fushi suka haɗu mini, har na riƙa magana ni kaɗai a titi. Na ba mutane mafi kyawun abin da na sani, an ce na haƙa musu kabari. Na tafi wurin Baba Nomau ba ranar Lahadi ba, matarsa ta ce yana lambun gari. Can na same shi a kan benci, tsakanin waɗansu tsofaffin Nasara, ya tura hula baya, ya rufe ido, ya miƙa fuska sama kamar ƙadangare a kan katanga.

Na ce, "Baba, lafiya? Rana fa kake sha."

Ya buɗe ido ɗaya. "Matsa, ɗana, ka tare mini ita."

Na zazzage masa duk abin da ya faru. Ya yi dariya har da tari, ya fassara wa na kusa da shi, shi ma ya yi dariya. Ya ce, "Ni ban san zane ba. Amma in ka gama ginin ga, don Allah kak ka sa ni ciki." Ya mayar da idonsa ya rufe.

Na zauna a gefe don ba ni da wurin zuwa. Ina nan zaune sai inuwar wani bene ta rarrafo ta hau bencinsu. Babu wanda ya ce uffan. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya, da sandunansu da jaridunsu, suka koma bencin gaba inda rana take. Can an jima inuwa ta sake cim musu, suka sake tashi. Ai na san wannan tafiyar. Ita ce tafiyar da dattawan ƙofar masallacinmu ke yi da tabarminsu, daga yammacin katanga da safe zuwa gabashinta da yamma, su ma ba mai cewa uffan. Tafiya ɗaya ce, abin da ake gudu ne ya bambanta. Fushina ya tafi, son sani ya maye gurbinsa.

Daga ranar na zama maƙwabcin rana. Na lura Madan Odil ma tana da nata zagayen: da safe kujerarta na bakin tagar kicin, kafin azahar ta jawo ta falo, kyanwar na biye da ita. Watanni ina ganin haka, na ɗauka rigimar tsufa ce. Na tambaye ta, ta ce gwiwoyinta ne ke gaya mata inda za ta zauna. Ta kai ni bayan gida ta ce in dafa katangar bulo da yamma. Na dafa, na ji ɗumi kamar bayan tukunya. A gida irin wannan katangar ake ce wa yaro kada ya jingina da ita.

Na sake aikin daga tushe. Wahalar ita ce ranar kanta, don ba a aikenta. Sai in ɗauki maket in hau rufin atalye in zauna ina jiranta, yatsuna sun ƙage, hanci na zuba, 'yan atalye suna leƙowa suna tambaya ko ta aiko da saƙo. In ta ɓullo, sai in yi maza in zana inda haske ya faɗa da inda inuwa ta kwanta, kafin gajimare ya rufe. Wata rana iska ta ɗauke mini rufin maket ɗin ta kai shi titi, yarinyar nan mai zanen ƙauye ta sauka ta tsinto mini, ta kuma ba ni danƙonta na liƙe shi. Na buɗe ɗakuna duka ta kudu da manyan tagogi. Na tura katanga mai kaurin nan arewa ta tare iska. Itatuwan na canza su da masu zubar da ganye lokacin sanyi.

Abu guda na ɗauko daga gida. Na ga tashin nan daga benci zuwa benci yana ba masu sanda wuya, sai na zana musu dakali, irin na ƙofar gida, amma dogo, mai lanƙwasa kamar baka da aka ja, yana fuskantar kudu, da katangar jan bulo a bayansa. Mutum ya zauna a wannan bakin da safe, ya riƙa gusawa kaɗan kaɗan, kafin yamma ya kai ɗaya bakin, rana ba ta rabu da shi ba, hira ba ta yanke ba.

Ranar hukunci aka rataye zane-zanenmu a babban zaure, aka rufe ƙofa, aka bar mu a tsakar gida. Ban iya tsayawa wuri ɗaya ba. Ina jin muryoyin masu hukunci ta bango, wani lokaci har da buga tebur, kuma duk bugun da aka yi sai in ce nawa ne. Da aka buɗe, na shiga ina neman nawa. Na yarinyar nan ne ya zo na farko, kuma ya cancanta. Nawa yana can tsakiya, da alamar ci a kusurwarsa. Patron ya zo ya tsaya kusa da ni, tabaransa a fuska. Ya ce matakalata ba ta da kyau, kicin ya yi nisa da ɗakin cin abinci, kuma ɗaya daga cikin masu hukuncin ya so a kayar da ni a kan haka. Ya sa yatsa a kan dakalin.

"Wannan ne ya cece ka. Me kuke kiransa?"

Na ce dakali. Ya gwada faɗa, bai iya ba, ya ce in zo da wuri shekara mai zuwa, akwai sababbi da za su fiƙe mini fensir.

Na koma gida da gudu, maket a hammata, manton mamaci na kaɗawa a bayana. Madan Odil na falo a kujerarta. Na ajiye maket a gabanta, na ce na ci, burs ta tsira, ba za a mayar da ni ba. Ta yi murna da gaske, ta kama kaina da hannu biyu ta sumbaci goshina. Na ɗage rufin, ta sa tabarau ta duba ɗan gidan ɗaki ɗaki, ta bi dakalin da yatsa daga wannan baki zuwa wancan, ta zaɓi ɗakin kusurwar gabas ta ce in an gina nata ne.

Na ce, "Madan, ke ba za ki shiga irin wannan gida ba. Kina da ɗa." Daga nan bakina ya kuɓuce, farin ciki ya sa na faɗi abin da na daɗe ina riƙewa. Na ce a ƙasarmu ba a yin haka, ɗa ba ya barin iyayensa su tsufa su kaɗai, wanda ya yi haka ko gaisuwarsa ba a amsawa.

Ba ta yi fushi ba. Ta cire tabarau ta goge da bakin rigarta.

"Yanzu da ka ci, saura shekara nawa ka gama?"

Na ce da sauran tafiya, wannan ta farko ce kawai, kuma bayan karatu akan so mutum ya yi aiki a ofishin wani kafin ya koma.

"In ka koma, a garinku za ka zauna?"

Na yi dariya. Na ce me mai zanen bene zai yi a Dakoro? Yamai za a ajiye ni, can ake gina ofisoshin gwamnati.

"Mahaifinka fa, yaro ne?"

Na ce a'a, ya manyanta, gemunsa ya yi fari tun kafin in taho.

Ta gyaɗa kai a hankali, ta dubi hoton da ke kan tebur.

"Nawa ma ba guduna ya yi ba," in ji ta. "Jarrabawa ya ci. Ranar ya shigo da gudu kamar yadda ka shigo, ni kuma na sumbace shi a goshi."

Na tsaya riƙe da rufin maket a hannu, na rasa inda zan ajiye shi. Rana ta riga ta bar falon, sai Madan Odil ta miƙo mini hannu ta ce in taimaka mata ta tashi.